Asusun ninki uku: a gwada fahimtar mutum, kada a auna aljihunsa

A watan Maris na 2022 FINRA, ƙungiyar da ke sa ido kan dillalan hannun jari a Amurka ƙarƙashin SEC, hukumar gwamnati mai kula da kasuwar hannun jari, ta fitar da sanarwa mai lamba 22-08 tana tambayar jama'a ko ya kamata a ƙara tsaurara hanyar da ƙaramin mai zuba jari ke bi kafin ya sayi kayan kasuwa masu sarƙaƙiya, cikinsu har da asusun ninki da asusun baibai. Tambayoyi kawai fa ta jera, ba doka ta kafa ba, amma sai da gari ya ɗauka, dubban mutane suka yi ta aika wasiƙu suna cewa kuɗinmu ne guminmu ne a ƙyale mu mu yi yadda muka ga dama da shi. Cikin abubuwan da aka tambaya akwai a sa mutum ya ci wata 'yar jarrabawa tukuna, ko ya ɗan jira kafin a buɗe masa, ko dillali ya tantance shi kamar yadda ake yi wa masu son cinikin ofshin (kwangilar da ke ba mutum zaɓin saye ko sayar da hannun jari a wani farashi da aka tsayar), ko kuma a ce sai wanda dukiyarsa ta kai wani mataki ne zai taɓa su. Wannan na ƙarshen shi ne ya tsaya min a rai, kuma shi ne ban yarda da shi ba ko kaɗan. Jarrabawa kam na yarda da ita, har ma ina ganin an makara da ba a kawo ta ba tuntuni.

To amma menene ma kayan da ake wannan rigimar a kansa? ETF dai asusu ne da aka tara jari a cikinsa ana saye da sayar da shi a kasuwa kamar hannun jarin kamfani ɗaya. Na ninki shi ne wanda ya yi maka alkawari cewa duk motsin da wani ma'aunin kasuwa ya yi yau, shi zai yi ninki biyu ko uku na wannan motsin. Ɗauki TQQQ na kamfanin ProShares wanda ya fito a 2010, yana bin Nasdaq-100, ma'aunin manyan kamfanoni 100 irinsu Apple da Microsoft da Nvidia. Idan Nasdaq-100 ya hau da kashi 1 cikin 100 yau, TQQQ zai hau da kashi 3, idan ya sauka da 1 shi zai sauka da 3. Na baibai kuma irin SQQQ akasin haka yake yi, kasuwa ta faɗi shi ya tashi, kasuwa ta tashi shi ya sha ƙasa. ProShares ne suka fara kawo irin waɗannan ETF ɗin a 2006, sai Direxion suka zo da masu ninki uku a ƙarshen 2008, daidai lokacin da kasuwar duniya ke cin wuta. Kuma ba wai hannun jarin suke saye ninki uku da kuɗinsu ba, a'a, yarjejeniya suke ƙullawa da manyan bankuna wacce ake kira suwaf, da kwangilolin fiyucas (alkawarin saye ko sayarwa nan gaba a farashin da aka tsayar yau), banki ya ɗauki nauyin biyan asusun motsin kasuwar shi kuma asusun ya biya banki kuɗin ruwa a kai.

Inda gizo ke saƙar shi ne alkawarin nan na yini ɗaya ne tak. Kullum daf da tashi daga kasuwa sai asusun ya sake daidaita kansa domin gobe ya fara da ninki uku cif, kuma wannan daidaitawar tana nufin ranar da kasuwa ta hau dole ya ƙara saye, ranar da ta sauka dole ya sayar. Ka ga kenan in kasuwa na yawo sama da ƙasa ba ta tafi ko'ina ba, shi yana ta saye da tsada yana sayarwa da araha. Bari mu yi lissafin tare don shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya. Ma'auni yana 100, yau ya faɗi da kashi 10 ya koma 90, gobe ya hau da kashi 10 ya koma 99. Asarar kashi 1 kenan. Wanda bai sani ba zai ce to mai ninki uku ya yi asarar kashi 3. Ina! Shi 100 ɗinsa ta faɗi da kashi 30 ta koma 70, gobe ta hau da kashi 30 ta koma 91, asarar kashi 9 kenan. To na baibai fa, ai shi ya kamata ya ci riba tunda kasuwa ta yi ƙasa ko? Ranar farko ya hau zuwa 130, rana ta biyu ya sauka da kashi 30 ya koma 91. Shi ma kashi 9 ya rasa. Mutum biyu sun yi hasashe kishiyar juna kuma duka sun yi asara iri ɗaya cikin kwana biyu. Kayan nan ƙanƙara ne, in ka saya don amfanin yau ta yi maka aiki sosai, in ka ce ajiye ta za ka yi har wata mai zuwa to ruwa za ka tarar, kuma ba wai mai sayarwa ya cuce ka ba, haka halittarta take.

Kar a ce lissafin takarda ne kawai. FINRA da kanta a sanarwarta ta Yunin 2009 ta kawo misali na gaske, daga 1 ga Disambar 2008 zuwa 30 ga Afrilun 2009 ma'aunin kamfanonin harkar kuɗi na Russell 1000 ya hau da kusan kashi 8, amma asusun da ke ninka shi uku ya faɗi da kashi 53, na baibai mai ninki uku kuma ya faɗi da kashi 90. Wata biyar kacal. Mutum ya yi hasashe daidai, ya ce bankuna za su farfaɗo kuma sun farfaɗo ɗin, amma fiye da rabin kuɗinsa ya tafi. A nan ne FINRA ta ce galibi kayan nan ba su dace da ƙaramin mai zuba jari da ke shirin riƙe su fiye da zaman kasuwa ɗaya ba. Na baya-bayan nan kuma, a 2022 Nasdaq-100 ya faɗi da kusan kashi 33, TQQQ ya faɗi da kusan kashi 79. A 2023 kasuwa ta dawo da ƙarfi, Nasdaq-100 ya hau da fiye da kashi 50, TQQQ ya kusa ninka kansa uku, kowa na ta murna a intanet yana nuna hoton riba. Amma wanda ya zuba dala 100 a farkon 2022 ya riƙe har ƙarshen 2023, in asusun Nasdaq na yau da kullum ya saya kuɗinsa sun dawo har da ɗan ƙari, in TQQQ ne kuwa wajen dala 62 ke hannunsa bayan shekarar da ake ce mata shekarar albarka.

Gaskiya ɗaya ce, akwai ɗaya gefen kuma dole a faɗe shi. Idan kasuwa ta miƙe tana hawa ba tare da yawan tangal-tangal ba, wannan daidaitawar ta kullum sai ta koma taimakon mai kaya, ya samu fiye ma da ninki ukun. Waɗanda suka sayi TQQQ tun shekarun farko suka iya daurewa sun ga riba mai ban tsoro, ba ƙarya suke yi ba in sun faɗa. Shi ya sa abin ke jan mutane, ba don su wawaye ne ba.

Sai kuma ranakun da abin ke mutuwa gaba ɗaya. Ranar 5 ga Fabrairun 2018 ma'aunin fargabar kasuwa da ake kira VIX ya ninka kansa cikin yini ɗaya, wata takarda mai suna XIV ta bankin Credit Suisse, wacce ke cin riba muddin kasuwa na kwance lafiya, ta rasa fiye da kashi 90 na darajarta kafin gari ya waye, banki kuma ya rufe ta cikin watan. Mutane da yawa sun shekara suna ganin tana hawa a hankali har sun ɗauke ta kamar asusun ajiya. A Maris ɗin 2020 da korona ta karya farashin mai, an rufe wasu masu ninki uku na ɗanyen mai, Direxion kuma suka rage ninkin wasu asusunsu daga uku zuwa biyu, irin na kamfanonin haƙar zinare da na mai. Ko a Oktobar 2025 a Turai, wani kayan GraniteShares mai ninki uku na baibai a kan kamfanin AMD ya koma sifili a rana ɗaya da AMD ta sanar da yarjejeniyarta da OpenAI farashinta ya yi tsalle. Lissafin mai sauƙi ne, in kana ninki uku, motsin kashi 33 da ɗoriya a kishiyar inda ka tsaya ya isa ya share ka tas.

To tunda na jero duk wannan, me ya sa ban goyi bayan a kulle ƙofar ga talaka ba?

Na farko dai kuɗi ba fahimta ba ne. Amurka tana da wani tsohon ma'auni da take ware waɗanda aka yarda su shiga wasu irin jari na musamman, sai dukiyarka ta kai dala miliyan 1 ban da gidan da kake ciki, ko kana samun dala 200,000 a shekara. In aka ɗauko irin wannan tunanin aka ɗora a kan asusun ninki, to likitan haƙori mai kuɗi wanda bai taɓa jin labarin daidaitawar kullum ba zai wuce salin alin, malamin lissafi na sakandare da zai iya zana maka duk abin a allo cikin minti biyar kuma a ce masa koma gida ba ka isa ba. Wallahi wannan ba kare mutane ba ne, rarrabe su ne. Masu goyon bayan ma'aunin dukiya suna cewa ai mai kuɗi in ya yi asara zai iya shanyewa. Na ji, amma wannan amsar wata tambaya ce daban. Mai albashi ƙarami da ya ware dala 300 don ya gwada hasashensa na kwana biyu shi ma zai iya shanyewa, attajirin da ya zuba rabin fanshonsa kuma ba zai iya ba. Abin dubawa shi ne kashi nawa na abin hannunka ka saka da kuma ko ka san me ka saya, jimillar dukiyarka ba ta faɗa mana ko ɗaya daga cikin biyun.

Na biyu, kuma wannan shi ya fi damuna, ina mutumin zai je in an kore shi? Wanda ransa ke son ninki ba zai ce to shikenan bari in koma in sayi takardun lamunin gwamnati ba. Zai koma majin, wato ya ci bashi a hannun dillali ya sayi hannun jari, inda doka ta yarda a ranta maka rabin kuɗin, kuma in kasuwa ta juya dillali ya sayar maka da kaya ba tare da ya jira ka ba, wani lokacin ma ka tashi ana bin ka bashi. Ko ya koma ofshin masu ƙarewa a rana ɗaya. Ko ya tafi dandalin kirifto na waje inda ake ba da ninki 50 ko 100 babu mai tambayar ko sunansa na gaskiya ne. A cikin duk hanyoyin ninki da ƙaramin mutum ke iya samu, ETF ɗin nan yana da wata kyakkyawar sifa da ba a cika faɗa ba, ba za ka taɓa rasa fiye da abin da ka saka ba. Babu mai kiranka da dare ya ce kawo ƙari. Farashinsa a fili yake, takardunsa na wurin SEC, kowa na iya karantawa. Ka rufe wannan ka bar sauran a buɗe, to ka tura mutane inda ya fi muni ne kawai sannan ka rubuta a rahoto cewa an samu raguwar asara a ETF.

Asusun baibai kuma yana da wani amfani na gaske da manyan masu kuɗi ba sa buƙata saboda su suna da hanyoyi goma. Ma'aikacin da ke tara kuɗin ritaya a asusun IRA ba a yarda ya ci bashin dillali ko ya sayar da abin da bai mallaka ba a cikin wannan asusun. In ya hango guguwa na zuwa yana son ya ɗan kare abin da ya tara na ɗan lokaci ba tare da ya sayar da komai ba, na baibai mai ninki ɗaya na cikin 'yan hanyoyin da suka rage masa. Babban kamfanin jari kuwa waya ɗaya zai yi wa banki a ƙulla masa suwaf daidai da bukatarsa. Ka ga wa dokar hanin za ta taɓa kenan.

Sannan ƙasar da ake wannan muhawarar fa ita ce ƙasar da jihohi da kansu ke sayar da tikitin caca, mutane na kashe fiye da dala biliyan 100 a shekara a kai, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2018 jihohi da yawa suka halatta cacar wasanni har tana cikin wayar kowa. Ba a tambayar mai sayen tikiti nawa ya mallaka. Ban kawo wannan don in ce tunda akwai ɓarna ɗaya a bar ta biyu ba, na kawo ne don a ga cewa batun wai talaka ba zai iya ɗaukar haɗari da kuɗinsa ba, ba a tuna shi sai a wurin da akwai yiwuwar ya ci riba.

Amma fa kada masu kamfanonin nan su ɗauka ina bayansu. Ba yau aka fara wannan rigimar ba, a Nuwambar 2019 SEC ta kawo shawarar cewa dole dillali ya binciki abokin cinikinsa ya tabbatar zai iya gane haɗarin kafin ya buɗe masa hanyar sayen asusun ninki ko na baibai. Wasiƙu kusan 6,000 suka shigo, mafi yawansu na adawa, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa kamfanonin da ke fitar da kayan sun zaburar da masu hannun jarinsu su rubuta. Da aka zo Oktobar 2020, ƙarƙashin shugabancin Jay Clayton, SEC ta amince da dokar 18f-4 amma ta jefar da batun tantancewar, kwamishinoni biyu Allison Herren Lee da Caroline Crenshaw suka ƙi amincewa. Abin da dokar ta yi shi ne ta tsayar da sababbin asusu a ninki biyu, ta bar tsofaffin masu ninki uku su ci gaba. Su kamfanonin in sun tashi magana 'yanci suke kira, amma ka duba kuɗin hidimar da suke karɓa, asusun ninki yana cin kusan kashi 1 cikin 100 na kuɗinka duk shekara, alhali akwai asusun S&P 500 na yau da kullum, mai bin manyan kamfanonin Amurka 500, da ke cin kashi 0.03. Kuma suna rubutawa a takarda cewa kayan na yini ɗaya ne, amma ribarsu tana ƙaruwa ne daidai gwargwadon yawan kuɗin da mutane suka bari ya kwana a ciki wata da watanni. Wannan saɓanin yana nan kuma ba za su taɓa warware shi da kansu ba. Don haka kukan ƙananan masu zuba jari na gaskiya ne, amma wanda ya ɗauki nauyin lasifikar yana da nasa lissafin.

Abin da nake so a yi ba mai wahala ba ne. Kafin manhaja ta bari ka sayi irin wannan kaya karo na farko, ta ba ka tambayoyi kaɗan na lissafi, ba irin na danna nan in ka yarda ka karanta ba. Ta ce maka ma'auni ya faɗi kashi 10 ya tashi kashi 10, nawa ya rage a dala 100 ɗinka a asusun ninki uku, rubuta lambar. In ka rubuta 97 ta nuna maka dalilin da ya sa 91 ce, ta ce ka dawo gobe ka sake. Kyauta, ba iyaka ga sau nawa za ka gwada, ba ruwanta da albashinka ko unguwarku. Wani zai ce ai za a kwafi amsa daga intanet. To a kwafa mana, wanda ya je ya nemo amsar ya ga 91 da idonsa ya riga ya san abin da bai sani ba jiya, kuma ana iya canza lambobin kowane lokaci. Wani kuma zai ce raini ne a yi wa baligi jarrabawa kan kuɗinsa. Ni ban ga raini a tambayar da attajiri da leburan kamfani za su amsa iri ɗaya ba, rainin yana wurin da aka kalli takardar bankinka aka yanke hukunci a kan ƙwaƙwalwarka.

Dalilin da ya sa na nace sai lissafi shi ne mun ga abin da tantancewar jeka-na-yi-ka ke haifarwa. A Yunin 2021 FINRA ta sa Robinhood, wani dillalin hannun jari na manhajar waya, ya biya tara da diyya na kusan dala miliyan 70, kuma cikin laifukan har da cewa na'ura ce ke amince wa mutane su yi cinikin ofshin bisa bayanan da wasu lokuta ma suna karo da juna. Mutum ya ce ba shi da ƙwarewa an hana shi, ya koma ya canza amsa an buɗe masa. Irin wannan ba ya kare kowa sai kamfanin, don gobe in ka yi kuka a nuna maka inda ka danna.

Koriya ta Kudu ta gwada wani abu bayan rububin da 'yan ƙasar suka yi kan takardun ɗanyen mai masu ninki a 2020, ta ce sai ka yi karatun share fage ta intanet kuma ka ajiye won miliyan 10 kafin ka taɓa kayan ninki na kasuwar gida. Karatun na yaba, ajiyar kuɗin ce ban so ba, kuma kowa ya ga yadda 'yan Koriya suka kwarara kasuwar Amurka suka zama cikin manyan masu riƙe da asusun ninki na Tesla da na kamfanonin da ke ƙera cif ɗin kwamfuta. Wato dai abin da na faɗa ɗazu ne, an matse nan ya ɓullo can. Turai kuma a 2018 da ESMA, hukumar kula da kasuwannin jari ta Tarayyar Turai, ta ɗauki mataki kan kwangilolin CFD, waɗanda ake cin riba ko asara kan motsin farashi ba tare da an mallaki kayan ba, ta yi wani abu da ya burge ni, ta tilasta kowane kamfani ya rubuta a tallarsa kashi nawa na ƙananan abokan cinikinsa ke asara, kuma alƙaluman da hukumomin ƙasashen suka tattara a lokacin sun nuna tsakanin kashi 74 zuwa 89 ne. Lamba ɗaya irin wannan ta fi shafi 40 na gargaɗin lauyoyi. Me zai hana manhaja ta nuna wa mai TQQQ ko SQQQ, duk ranar da ya buɗe, cewa yau kwananka kaza da riƙe wannan kaya, ma'auni ya motsa kaza, kai kuma ka motsa kaza? Bayanan suna hannunsu. Suna iya turo maka saƙo cewa wani hannun jari na tashe yau, to wannan ma za su iya.

Inda kuma nake son hukuma ta sa ƙarfi sosai shi ne kan masu ba da shawara da ake biya. Akwai bambanci babba tsakanin saurayin da ya buɗe manhaja da kansa ya zaɓi haɗari da kansa, da tsohuwar da ta miƙa wa ƙwararre kuɗin ritayarta ya zuba mata su a asusun baibai ya manta da su shekara guda. A Mayun 2012 FINRA ta hukunta Citigroup da Morgan Stanley da UBS da Wells Fargo, jimillar sama da dala miliyan 9, saboda sayar da irin waɗannan kaya ba tare da kulawar da ta dace ba. Miliyan 9 a raba wa bankuna huɗu masu wannan girman, haba, ko a jikinsu. In da gaske ake son kare mutane to a nan ya kamata hukunci ya yi zafi har mutum ya rasa lasisinsa. Shi kuma dillalin da ya ga ba ya son sayar da kayan sam, kamar yadda Vanguard ta daina karɓar odar sayensu tun Janairun 2019, wannan haƙƙinsa ne, mai so ya tafi wani shagon.

Akwai kuma iyaka, don ni ban ce duk abin da aka ƙirƙiro a sake shi ba. A Yulin 2022 aka fara sayar da asusun ninki da na baibai a kan kamfani ɗaya tak a Amurka, Tesla da Nvidia na cikin na farko, a 2024 har da na MicroStrategy, kamfanin da shi kansa bashi yake ci yana sayen bitkoyin, wato ninki a kan ninki. Ma'auni mai kamfanoni 100 da wuya ya faɗi kashi 33 a yini, kasuwar Amurka ma tana da birki da ke tsayar da ciniki in S&P 500 ya faɗi kashi 20 a rana. Kamfani ɗaya kuwa labari ɗaya ya ishe shi. A ƙarshen 2025 sai ga wasu sun shigar da takardun neman fitar da masu ninki biyar, SEC kuma ta taka musu birki tana nuna musu iyakar da dokar 18f-4 ta sa. Nan kam ina tare da hukuma ɗari bisa ɗari. A ninki biyar motsin kashi 20 ya gama da kai, kuma Tesla ta taɓa faɗuwa fiye da haka a yini ɗaya a Satumbar 2020. Iyakar da aka sa wa kayan ta hau kan kowa daidai, mai miliyan da mai ɗari, shi ya sa ban ga zalunci a cikinta ba.

Wani zai ce mu ina ruwanmu da rigimar Amurka. Da ruwanmu fa, tunda yanzu matasanmu a Kano da Kaduna da Abuja suna sayen hannun jarin Amurka ta manhajoji irin Bamboo da Trove, kuma odarsu ta hannun dillalan can masu rajista da FINRA take bi, duk ƙa'idar da aka ɗora wa dillalin sai ta gangaro kan wanda ke riƙe da waya a nan. In ma'aunin dala miliyan 1 aka bi, wannan ya haura naira biliyan 1, ka ga an gama da kusan kowa kenan, alhali su fiyucas ɗin kirifto da forex masu ninkin da ya fi wannan nesa ba kusa ba suna nan a buɗe, kuma mun san yadda suke cinye jarin yara a cikin dare ɗaya. Ilimin daidaitawar kullum da lissafin 91 ɗin nan shi ne abin da zai amfane su ko da ba su taɓa sayen ETF ba.

Ga ɗan'uwa Musulmi kuma akwai tambayar da ta riga duk wannan, wacce SEC da FINRA ba su da amsarta. Asusun nan a kan suwaf da fiyucas aka gina su, akwai kuɗin ruwa a cikin yarjejeniyar da bankuna, na baibai kuma riba yake nema daga faɗuwar abin da ba a mallaka ba, kuma ma'aunan shari'a na harkar kuɗi irin na AAOIFI, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin cibiyoyin kuɗi na Musulunci, ba su amince da waɗannan hanyoyin ba. Kasancewar na kare 'yancin mutum ya saya a dokar Amurka ba ya nufin na ce ya halatta gare ka. Kafin ka saka ko sisi ka nemi malamin da ya san fiƙihun ciniki kuma ya san yadda kasuwar zamani ke aiki, kada ka ce masa hannun jarin Apple da Microsoft ne kawai, ka buɗe masa takardar asusun ka nuna masa jerin abin da ke ciki, bankunan da aka ƙulla suwaf da su da kuma nawa ne.